Iyo A Yankin Bakalori: Kuɗin Shiga Ko Kuɗin Magani?

Daga watan Maris zuwa Mayu na kowace shekara, lokacin da zafin bazara kan haura digiri 40 a ƙasashen Zamfara da Sakkwato, babu faɗan uba ko bulalar malami da ke iya hana yaran karkara shiga ruwa. A Damri da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bakura, da maƙwabtansu na Talata Mafara da Maradun, ruwan da yara ke shiga bai wuce gulbi ba, ko magudanar noman rani, ko kuwa kududdufi idan damina ta zauna. Ba a karɓar ko kwabo a bakin ɗayansu. A manyan birane kuwa, mai son iyo cikin ruwa mai tsabta tilas ne ya nufi otal ko kulob, ya biya kuɗin shiga.

Wanda ya dubi al'amarin sama-sama zai ce ɗan ƙauye ne ya more, tun da yake abin da ɗan birni ke saye da kuɗi shi yana samunsa a banza. To, amma idan aka zauna aka yi lissafi, za a tarar cewa iyon kyauta shi ne ya fi kowane tsada, sai dai kawai ba a bakin ruwa ake biyan kuɗinsa ba. Ana biya ne a asibiti, da kwanakin makaranta da yaro ya rasa, wani lokaci kuma da rai ɗungum. Saboda haka batun kuɗin iyo da zaɓen wurin da ya dace batu ne na lafiyar jama'a, wanda ya shafi ma'aikatan gwamnati masu tsara kasafin kuɗi da ɗaliban da za su gaje su.

YADDA RUWA YA ZAUNA A YANKIN

Kafin shekarun 1970, ruwan wannan yanki na bin lokaci ne. Gulbin Sakkwato kan cika ya yi ambaliya a fadamu da damina, sa'an nan ya janye da rani. Madatsar ruwa ta Bakalori, wadda kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya fara ginawa a 1974 aka kammala ta a 1978, ita ce ta sauya wannan tsari. An gina ta ne don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta kuma shayar da gonaki wajen hekta 23,000 a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Bayan aikin ya yi shekaru yana taɓarɓarewa, sai aka sanya Bakalori cikin shirin gyaran madatsun ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 a kan kuɗi kusan dala miliyan 500.

Ko shakka babu ruwan ya kawo shinkafa da kayan lambu da aikin yi a lokacin rani. Amma kuma ya kawo wani abin da ba kasafai masu tsara irin waɗannan ayyuka ke sanya shi cikin lissafi ba, wato ruwa mai tafiya a hankali, kusa da gidajen mutane, rani da damina. Duk inda aka sami irin wannan ruwa, yara za su mayar da shi wurin wanka da wasa, kuma ƙananan dodon-koɗi na ruwa za su mayar da shi gida.

TSARGIYA

Waɗannan dodon-koɗi su ne ke rainon tsutsar da ke haddasa tsargiya, cutar da wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a birnin Alƙahira cikin 1851. Hanyar yaɗuwarta ba ta da wuyar fahimta. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe su shiga jikin dodon-koɗi, su hayayyafa, bayan 'yan makonni su fito dubbai suna yawo a ruwa. Ba sai mutum ya sha ruwan ba, ta fatar jiki suke shiga. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, sun fi fitowa ne da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora yara cikin ruwa.

Alamar da kowa ya sani ita ce fitsarin jini. Da yake abin ya zama ruwan dare, a wasu wurare har akan ɗauke shi alamar girman yaro namiji, ba ciwo ba. Alhali kuwa cutar na jawo ƙarancin jini, da kasala, da rashin girman jiki, da koma baya a karatu. Idan ta daɗe takan lalata mafitsara da ƙoda, tana kuma cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon dajin mafitsara. Ga 'yan mata da mata kuwa takan taɓa mahaifa da al'aura, har ta kai ga matsalar haihuwa.

Bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mutane fiye da miliyan 250 ne suka buƙaci maganin rigakafin cutar a 2021, kuma aƙalla kashi 90 cikin 100 nasu a Afirka suke. Nijeriya na sahun gaba cikin ƙasashen da cutar ta fi yi wa katutu. Dangantakarta da madatsun ruwa ma ba sabon labari ba ne. Bayan gina madatsar Akosombo a Ghana cikin 1965, cutar ta mamaye ƙauyukan bakin tafkin Volta, haka kuma ta ɓarke a garin Richard-Toll na ƙasar Senegal jim kaɗan bayan kammala madatsar Diama a 1986.

Akwai magani, wato ƙwayar praziquantel, wadda kamfanin Merck ke bayarwa kyauta ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya tun daga 2007, ana kuma raba ta a makarantu ta hanyar auna tsawon yaro da sanda. Sai dai maganin na kashe tsutsar da ke jiki ne kawai, ba ya hana wata shiga. Yaron da ya sha magani ranar Litinin ya koma magudana ranar Laraba, ya ɗauro sabon bashi ke nan. Wannan shi ne kuɗin farko na iyon kyauta, kuma gwamnati da iyaye ke biyansa shekara bayan shekara.

RUWA YA CI

Kuɗi na biyu shi ne na rayuka. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba 2024 ya ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, kuma idan aka yi la'akari da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Tun a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan wannan musiba.

Jihohin Arewa ba su buƙatar a ba su labari. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai cikin Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Satumba 2024 kuma kwale-kwale ya kife da gomman manoma a Gummi, cikin Jihar Zamfara, suna kan hanyarsu ta zuwa gona. Gaskiya ne cewa lodin da ya wuce kima da rashin rigar ruwa su ne ummul'aba'isin irin waɗannan haɗurra. Amma duk da haka, wanda zai iya riƙe kansa a saman ruwa na 'yan mintoci yana ba masu ceto lokacin isa gare shi. Ba a banza Hausawa suka ce iya ruwa fid da kai ba.

Nan ne matsalar ta zama gaba kura baya sayaki. A hana yaro ruwa, ya tashi bai iya iyo ba a ƙasar da ake tsallake gulbi zuwa gona da kasuwa. A ƙyale shi kuwa, ya koyi iyo a wurin da zai kwaso cuta, ko magudana mai santsin gefe da ƙarfin ja ta tafi da shi.

ABIN DA YA SA KWAMIN BIRNI KE DA TSADA

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a gina irin kwamin iyo na birni a waɗannan garuruwa? Amsar tana cikin lissafi. Kwamin gasar Olamfik, mai tsawon mita 50 da faɗin mita 25 da zurfin mita 2, yana cin ruwa lita miliyan 2.5. Ko matsakaicin kwami ma, mai tsawon mita 25 da faɗin mita 12.5 da zurfin mita 1.5, yana cin lita 468,750. Wato jarka 18,750 ke nan mai cin lita 25, ko kuma sawu 1,875 na kurar ɗan ga-ruwa mai ɗaukar jarka 10. Idan rana da iska suka rage ruwan da santimita 1 kacal a yini, an yi asarar fiye da lita 3,000 da tilas a mayar.

Cika kwamin ma shi ne mai sauƙi. Ƙa'idar da ake bi a ƙasashe da yawa ita ce, dukkan ruwan ya ratsa na'urar tacewa cikin kimanin awa 6, abin da ke nufin famfo ya yi ta aiki ba ƙaƙƙautawa. Famfo kuwa wuta yake ci. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, da ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin farko daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowace yunit a watan Afrilu 2024, ɗawainiyar tafiyar da irin wannan wuri ta ƙaru ainun. Ga kuɗin sinadarin kulorin, ga albashin mai share kwami da mai ceto. Duk wannan a kan mai shiga yake ƙarewa.

Alal misali, a ɗauka kuɗin shiga Naira 3,000 ne. Ma'aikacin da likita ya shawarce shi da yin iyo sau uku a mako saboda hawan jini ko ciwon gaɓoɓi, zai kashe Naira 36,000 a wata, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sanya wa hannu a watan Yuli 2024. Magidancin da zai kai 'ya'yansa uku sau ɗaya a mako, shi na huɗunsu, zai kashe Naira 48,000. Ba a yi maganar kuɗin mai koyarwa ba, ko kayan wanka, ko kuɗin mota. Ga mutumin Damri kuwa, kuɗin mota da haɗarin hanya sun fi kuɗin shigar kansa nauyi.

Akwai kuma darasi daga tarihi. Kwamin iyo na Babban Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, inda aka yi gasar wasannin Afirka ta 1973, ya yi shekaru masu yawa a lalace kafin a waiwaye shi. Idan haka ta faru da dandalin ƙasa baki ɗaya, to, ƙaramar hukumar da ta gina ƙasaitaccen kwami ba tare da tanadin kuɗin kula da shi ba, ta gina wa sauro masauki ne. Tsadar kwami ba a ranar buɗe shi take ba, tana cikin kowace rana da ta biyo baya.

ZAƁEN WURIN DA YA DACE

Ga ma'aikaci ko ɗalibin da ke zaune a birni, wanda ke da halin biya, araha ba ta ado, haka kuma tsada ba ta tabbatar da tsabta. Abu na farko da ya kamata ya duba shi ne ko ana iya ganin ƙasan kwamin sarai a ɓangaren da ya fi zurfi, domin ruwan da ya yi duhu na ɓoye ƙazanta, yana kuma ɓoye wanda ya nutse. Na biyu, ya nemi a nuna masa littafin awon ruwa na kullum. Kulorin bai kamata ya gaza miligiram 1 a kowace lita ba, ma'aunin tsamin ruwan kuma ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Warin sinadari mai ƙarfi da ke sa idanu ja ba shaidar tsabta ba ne, akasari alama ce ta haɗuwar kulorin da gumi da fitsari.

Na uku, a tabbatar akwai mai ceto da ke zaune a bakin ruwa ba shi da wani aiki sai wannan, an rubuta zurfin kowane ɓangare, an kuma raba wurin yara da na manya. Na huɗu, a duba ko akwai wurin kurkure jiki da makewayi mai tsabta, da kuma dokar hana mai gudawa shiga, domin akwai ƙwayoyin cutar gudawa da ke iya yin fiye da mako guda a raye cikin ruwa mai kulorin. Na biyar, iyalai da yawa za su so sanin ko an keɓe wa mata lokacinsu da mai koyarwa mace, domin in babu wannan, rabin jama'a ba za su shiga ba. Daga ƙarshe, kada a yi gaggawar biyan kuɗin wata ko na shekara sai an lissafa sau nawa za a iya zuwa, domin kwami na kusa da za a riƙa zuwa ya fi na nesa da za a je sau biyu a daina.

Ga mazauna karkara kuwa, zaɓin yana tsakanin mugu da wanda ya fi shi muni. Ruwa mai ciyayi a gefe, wanda ke kwance ko yana tafiya a hankali, shi ne gidan dodon-koɗi. Kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini yana da ramuka da ba a gani. Magudanar siminti tana da santsi, ga kuma bakin bututu da ƙofofin ruwa masu ja. Haka nan duk ruwan da ake wanke ƙasar zinariya a cikinsa abin gudu ne, idan aka tuna gubar dalma da ta hallaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum cikin 2010.

HANYA TA TSAKIYA

Tsakanin kwamin otal da kududdufi akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta a Afirka ta Yamma. A garin Adasawase na ƙasar Ghana, inda yara ke kamuwa da tsargiya a rafi, masu bincike daga Jami'ar Tufts ta Amurka tare da mutanen gari sun gina ɗan kwamin siminti da ake cikawa da ruwan sama da na rijiyar burtsatse. An buɗe shi a 2009, kuma sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa sababbin kamuwa da cutar tsakanin 'yan makaranta sun ragu matuƙa. Ba a kori yara daga rafi da bulala ba, an ba su wurin da ya fi rafin daɗi ne kusa da gida.

Ƙasar Bangladesh kuma ta fara shirin SwimSafe a 2006, inda ake kafa dandamalin gora cikin tafkunan ƙauye, matasan gari su koya wa yara yin iyo na mita 25, da tsayuwa a saman ruwa na daƙiƙa 30, da ceton wani daga tudu ta hanyar miƙa masa sanda. Sai dai a lura, babu tsargiya a Bangladesh, don haka tsarin koyarwar ne abin koyi a Bakalori, ba shiga tafki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na 2021, ta ba da shawarar koya wa yara 'yan shekara 6 zuwa sama iyo, a kuma tanadi masu lura da waɗanda ba su kai haka ba.

Ɗan kwami mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 da zurfin mita 1 yana cin lita 50,000 ne kawai, ƙasa da kashi ɗaya cikin tara na matsakaicin kwamin birni. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana na iya cika shi, kuma ruwan rijiya ba ya ɗauke da tsutsar tsargiya. Ko ruwan magudana ne, idan aka tace shi daga dodon-koɗi aka ajiye a tanki na kwana biyu, tsutsar kan mutu. Sharuɗɗan su ne a riƙa sanya kulorin, a riƙa zubar da ruwan a lambu kowane mako kafin sauro ya ƙyanƙyashe, a kewaye wurin da katanga mai ƙofa da makulli, kada kuma a buɗe shi sai da babba a tsaye.

Masu koyarwa ma ba sai an ɗauko su daga nesa ba. Ƙasar Kabi da Zamfara na da masunta da sarakunan ruwa waɗanda suka gaji sanin ruwa kaka da kakanni, kamar yadda ake gani a wasannin kabanci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara tun 1934. An kuma daɗe ana ruwaito cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya hori jama'a da su koya wa 'ya'yansu iyo tare da harbi da hawan doki, don haka malamai ba za su rasa abin faɗa wa iyaye ba.

INA AKA DOSA?

Wasu za su ce garin da ke fama da 'yan bindiga ba shi da lokacin zancen wanka. Lalle kuwa, Damri ba ta manta da harin watan Mayu 2022 ba, wanda hukumomi suka ce ya ci rayukan aƙalla mutum 48 a garin da ƙauyukan Sabon Garin Damri da Kalahe. Tsaro shi ne kan gaba, babu mai musun wannan. Amma shi kansa rashin tsaron hujja ne na samar wa yara wurin wasan ruwa a cikin gari, a gaban idon manya, maimakon bakin gulbi da ke bayan gari. Kuma tsargiya ba ta jiran a gama yaƙi.

Abin da ya rage shi ne a san wanda zai ɗauki nauyi. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda ayyukanta suka kawo ruwan kusa da gidaje, ya dace ta ɗauki share ciyayin magudanai da kafa alamun gargaɗi a matsayin ɓangaren aikin noman rani. Ma'aikatun lafiya da ilmi na Jihar Zamfara su haɗa rabon magani da darasin iyo. Ƙananan hukumomin Bakura, Talata Mafara da Maradun su gwada kwami ɗaya ɗaya a harabar makarantar firamare, a rubuta kuɗin kula da shi cikin kasafi tun kafin a aza harsashi. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara na iya zana fasalin ginin, na Kwalejin Ilmi ta Maru kuma su samar da masu horarwa. Sa'an nan a gwada fitsarin 'yan makaranta kafin buɗewa da bayan shekara guda, domin sakamakon ya nuna ko a faɗaɗa aikin ko a gyara shi.

Yaran yankin Bakalori za su shiga ruwa a bazara mai zuwa, ko an yarda ko ba a yarda ba. Abin da ke hannun hukuma da iyaye shi ne irin ruwan da za su shiga, da kuma inda za a biya kuɗinsa, a bakin kwami ko a gadon asibiti.